MAI TSAMI

Shafi na 19

Masu aiko min da "ina ci gaba" tun ban wanke ido ba, na ji, Allah ya ba ku haƙuri. Ku kuma da kuka yi wa Najaha wankin babban bargo a ƙarƙashin shafin da ya wuce, ku adana bakinku tukuna, kada ku zo kuna neman inda za ku ɓoye shi.

*

Fuskar Basira ba ta yi sauƙi ba.

Ƙurajen ruwan sun fashe, sun bushe, amma abin da suka bari ya fi su muni. Baƙin tabo ne kwance a kumatunta na hagu, layi-layi a jere, da wani ɗan gajere a ƙarƙashin haɓa. Ba sai an yi wa kowa bayani ba, sawun yatsu ne. Yatsun Najaha, yayarta, wadda ta shafa mata man da hannunta tana tsokanarta wai angonta Yunus zai sume in ya gan ta.

Juma'ar nan za a ɗaura aure. Yau kuma da la'asar dangin ango za su taso daga Kance, su kawo lefe, su ga amarya.

Najaha ta daɗe a bakin ƙofa riƙe da maganin da likita ya rubuta, ta kasa ɗaga labule.

"Yaya, shigo mana. Kin tsaya kamar baƙuwa."

Ta shiga. An rufe taga, don likita ya ce kada rana ta ƙara taɓa fuskar. Madubin da ke jikin bango an juya shi yana kallon ƙasa.

"Wa ya juya madubin?"

"Ni."

Najaha ta zauna a bakin katifa, ta matso maganin a yatsa. Sai ta tsaya. Hannun nan dai ne.

"Karɓi, shafa da kanki."

"Ke za ki shafa," in ji Basira. "Ai kin san hanyar."

Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa ya fi zafi.

"Likita ya ce zai gushe."

"Yaushe?"

"A hankali."

"Yaya, ni ba yarinya ba ce. Yaushe?"

"Watanni."

Basira ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "To sai a ce wa Yunus ya je ya dawo bayan girbi."

Can ta ƙara da cewa, "Kin ji abin da Gwaggo take faɗa?"

Wa bai ji ba? Gwaggo Baiwa, yayar babansu, tun da ta sauko daga mota bakinta bai huta ba. Wai hassada ce. Wai ƙanwa za ta riga yaya shiga ɗaki, shi ne yayar ta sa mata hannu. Ta kuma kafe a kan lalle a gaya wa dangin ango haka ƙarara, don kada su zaci wani ciwon gado ne a gidan Alhaji Munkaila su janye. A sadaukar da sunan ɗaya, a tsirar da auren ɗaya. A garinsu Matameye kuwa, macen da aka ce ta ɓata fuskar ƙanwarta don baƙin ciki, ko da ruwan Zamzam ta yi wanka sunan ba ya fita.

"Ke kin yarda?" Najaha ta tambaya, ba ta ɗago ba.

"Da na yarda da ban ce ki shigo ba. Amma ina jin haushinki, ba zan ɓoye miki ba. Ina jin haushinki sosai."

"Kin yi daidai."

Ta soma shafa maganin a hankali, tana bin sawun yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

Bari in tuna wa waɗanda suka shigo mana a tsakiya. Najaha ilmin haɗa sinadarai ta karanto a jami'a a Damagaram. Da ta dawo, maimakon ta bi sahun masu neman aikin ofis, sai ta share ɗan shagon da ke jikin zaurensu ta mai da shi labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, da sikelinta, da kwalabenta, da 'yar na'urar gwada tsami. Burinta ɗaya. Kakarta ta wajen uwa, marigayiya A'i ta Dungu, tana da wani haɗi na gyaran amare da har daga ƙetaren iyaka ake zuwa nema. Aibinsa ɗaya, ba ya kwana, yau a kwaɓa jibi ya yi wari. Najaha ta ci alwashin sai ta sa shi a kwalba, tsaf, da awo, ya shekara bai canza ba.

To amma Kaka ta rasu Najaha na makaranta, sirrin haɗin kuma yana bakin mutum ɗaya, Inna Habsatu, uwar da ta haife ta.

Nan gizo ke saƙa.

Najaha 'yar fari ce. Inna kuwa irin matan da ne, masu kunyar ɗan fari ta gaske, ba ta yanzu da ake yi ana ɗaukar hoto tare ba. Ba ta kiran sunanta, ba ta haɗa ido da ita, ba ta yi mata magana kai tsaye. Tun da aka yaye ta aka miƙa wa Kaka a Dungu, can ta girma, daga can sai makarantar kwana. In Inna za ta ambace ta sai ta ce "'yar Dungu". Najaha kuma suna ne na makaranta kawai, a gida kowa Tsamiya yake ce mata, don a gindin wata tsamiya aka haife ta, a cikin amalanke, kan hanyar kawo Inna matanite, asibitin haihuwa.

Ranar da ta yi ƙarfin hali ta tambayi haɗin, Inna na tsakar gida tana tsince shinkafa, babu kowa sai wata kaza mai 'ya'ya. Najaha ta durƙusa daga nesa ta yi bayani. Can sai Inna ta watsa wa kazar tsakin shinkafa, ta juya mata, ta soma yi wa kaza magana.

"In mutum yana son abin tsohuwa, sai ya nemi man kaɗanya, ɗanye. Ya daka kurkum. Ya samu hulba. Sannan mai tsami, kada ya yi rowarsa, shi ne ke fito da hasken."

Haka ta bi haɗin daki-daki, kaza na tsattsagar ƙasa, Najaha na durƙushe tana hadda. A rayuwarta Inna ba ta taɓa yin magana mai tsawon wannan saboda ita ba.

Mai tsami. Lemon tsami ke nan, haka ta ɗauka. Tambayar ta zo mata har bakin leɓe, "Inna, lemo?" Kalma ɗaya. Amma ta ji tsoron in ta yi magana Inna za ta tuna da wa take yi, ta kakkaɓe zane ta shige ɗaki. Sai ta haɗiye, don kawai muryar ta ci gaba.

Abin da ya fi cin ta kuwa, ta sani. An koya musu a aji cewa akwai wani sinadari a ɓawon lemon tsami da in ya zauna a fata rana ta same shi sai ya ƙone ta. Ta tuna da shi ranar da take haɗin. Sai ta ce wa kanta, Kaka ta shekara nawa tana yi ba ta ƙona amarya ko ɗaya ba? Ba ta ma tsaya ga ruwan lemon ba, ɓawon ta tatsa ta fitar da mansa, don ya fi ƙamshi ya fi daɗewa. Ta gwada tsaminsa, daidai. Ta gwada ko zai yi ƙwayoyin cuta, bai yi ba. Ta shafa a damtsenta ta yi kwanaki, lafiya lau. A damtse, jama'a, ƙarƙashin hannun riga da hijabi, inda rabon da rana ta leƙa tun tana 'yar firamare.

Basira kuwa ana gama shafa mata ta haye bayan moto, wato babur ɗin Muntaka, ƙanensu, da tsakar rana, zuwa wajen tela. Garin neman gira aka rasa ido.

"Ya isa haka, Yaya, yana min zafi."

Najaha ta janye hannu. "Kin ci wani abu yau?"

"Bakina ba daɗi. Inna dai ta ce za ta dama min kunun mai tsami."

Najaha na rufe maganin, hannunta ya tsaya.

"Kunun me?"

"Mai tsami."

"Ana kunun lemo ne?"

"Wane lemo kuma?" Basira ta dube ta. "Kunun tsamiya mana. Ai Inna ba ta faɗin tsamiya, sunanki ne. Mai tsami take cewa. Lemo kuwa lemo take ce masa, ina ruwanta da shi."

Murfin maganin ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin gado.

"Tun yaushe?"

"Tun da na yi wayo haka na ji. Kowa a gidan nan ya sani. Ke ba ki..."

Ba ta ƙarasa ba.

Kowa a gidan ya sani. Muntaka ya sani, mai kawo ruwa ya sani, mai kanti na bakin titi ya sani. Mai sunan ce kaɗai ba ta sani ba, don ba ta taɓa zama kusa da uwarta tsawon da za ta ji yadda take aiken cefane ba.

"Yaya, mene ne? Kin ga yadda kika koma?"

"Tsamiya ce a haɗin Kaka," in ji Najaha, muryarta can ƙasa. "Inna ta ce min mai tsami. Ni kuma na sa lemo."

Basira ta dafe ƙirji. "Innalillahi."

"Da tsamiya na sa, da yanzu kina gaban madubi kina yi min yanga."

Sai a lokacin hawayen da ta riƙe tun ranar da abin ya faru suka zubo. Ba fuskar kaɗai take yi wa kuka ba. Wai ashe duk shekarun nan da take ganin Inna ta manta da ita, matar nan kullum in za ta dama kunu sai ta kewaye sunanta kamar mai kewaye rijiya. Ita kuma ta yi karatu har ta san sunan abin da ke cikin ɓawon lemo da Faransanci, ba ta san abin da uwarta ke kiran tsamiya ba.

Basira ta yunƙura. "Bari in gaya wa Baba."

Najaha ta riƙo zanenta. "Zauna."

"Korar ki za a yi fa."

"In kin faɗa, wa Gwaggo za ta koma wa?"

Basira ta koma ta zauna. Ta san amsar. Tun da aka kawo Inna gidan nan Gwaggo ke kiranta 'yar ƙauye, neman inda za ta kama take yi.

"Za ta tsaya gaban mutanen Kance ta ce uwar amarya ce ta ƙona 'yarta da ƙauyanci. Kuma sai an tsayar da Inna gaban Baba an ce ta maimaita abin da ta ce, da abin da take nufi. Kin taɓa jin ta faɗa?"

"A'a."

"To ba a kaina za a tilasta mata ba. Kuma ba Inna ta tatsi ɓawon lemo ba. Ni ce, da ilmina."

"Yaya..."

"Don girman Allah, Basira. Na ɓata miki fuska, kada ki sa in ɓata wa Inna suna. Ki yi min alkawari."

Basira ta juya wa bango fuska. Da ƙyar ta gyaɗa kai.

Daga tsakar gida muryar Gwaggo ta taso.

"Tsamiya! Fito, ubanki na kira."

*

Alhaji Munkaila na zaune a kujerarsa ƙarƙashin darbejiya, carbi a hannu amma ba ya ja. Gwaggo Baiwa ta baje a tabarma, ta tuɓe gyale ta ɗora a kafaɗa kamar mai shirin dambe. Can gefe Inna na bakin murhu, ta ba su baya, tana tace jiƙaƙƙiyar tsamiya a ƙwarya.

Najaha ta durƙusa.

"Ni dai na faɗa," Gwaggo ta soma tun ba a ba ta dama ba. "Mace ta ƙi aure, ta shige shago tana dafe-dafen kwalabe kamar boka, me ake jira? Ga sawun hannunta nan a fuskar yarinya, ko alƙali ya gani ya gama shari'a."

"Yaya Baiwa, bari in ji daga bakinta," in ji Alhaji. Ya dubi Najaha. "Me da me kika zuba a man nan?"

"Man kaɗanya, Baba. Da kurkum, da hulba. Da abin da ke hana shi lalacewa." Ta sunkuyar da kai. "Da man ɓawon lemon tsami."

Ƙarar ludayi a jikin ƙwarya ta ɗauke.

Babu wanda ya lura sai Najaha. Bayan Inna kawai take gani, amma ta ga yadda kafaɗunta suka sandare.

"Lemo?" Gwaggo ta karkace baki. "Ke Habsatu, akwai lemo a haɗin tsohuwarku?"

"Da ke nake, Habsatu."

"Babu," in ji Inna, ba ta juyo ba.

"To kun ji." Gwaggo ta tafa hannu. "Uwarta ma ta ce babu. Ke wa ya ce ki sa?"

"Ba kowa, Gwaggo."

"Ba kowa?"

"Ni na ga dama na ƙara."

Alhaji ya ajiye carbin a cinya. Mutum ne marar hayaniya, kuma shi ya saya mata sikelin nan da kansa ranar da 'yan'uwansa ke yi masa dariya.

"Tambaya ɗaya zan yi miki, ki ji tsoron Allah ki ba ni amsa. Da karatun da kika yi, kin san abin nan yana iya ƙona fata in an shiga rana?"

Da ma ƙarya ya nema, da ta fi sauƙi.

"Na sani, Baba."

Gwaggo ta saki salati mai tsawo, irin na wanda ya ci nasara.

Alhaji ya daɗe yana kallon ƙasa. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja.

"Kawo makullin shagon."

Ta kwance shi daga bakin gyalenta, ta ajiye a gabansa da hannu biyu.

"Ki ɗauko kayanki. Muntaka zai kai ki Dungu wajen kawunki kafin baƙi su iso. Abin da za a gaya musu kuma, Yaya Baiwa ta gaya musu."

"Ai ba sai an roƙe ni ba," in ji Gwaggo.

Najaha ba ta roƙi kowa ba. Ta shiga ɗaki ta zuba 'yan kayanta a jaka. Ta wuce ƙofar Basira, ta ji shesshekar kuka, ba ta tsaya ba, don in ta tsaya ɗayarsu za ta karya alkawari.

A bakin murhu ta durƙusa, daga nesa, kamar yadda ta durƙusa ranar da Inna ta yi wa kaza magana.

"Inna, na tafi."

Duk tafiyar da ta taɓa yi, ta makaranta da ta jami'a, Inna takan dubi sama ta ce, "Allah ya kiyaye matafiya." Matafiya, kamar ayari ne zai tashi. Najaha ta saba, har takan jira shi.

Yau ko wannan ba ta samu ba.

Ta miƙe. To shi ke nan, Inna ma ta yarda da maganar Gwaggo, ko kuwa ta gane ta zaɓi shirun. Najaha ba ta san wanne ya fi ciwo ba. Ta saɓa jaka ta nufi zaure. Daga waje ta ji tsayuwar mota, da ƙarar buɗe ƙofofi, da hayaniyar mata. Mutanen Kance sun yi sammakon la'asar.

Ƙafarta ɗaya na cikin zaure ta ji shi.

"Tsamiya."

Ta san muryar. Ta san kalmar. Ba ta taɓa jin su tare ba.

Ta juyo a hankali.

Inna na tsaye. Ta ba murhu baya, ta juyo gaba ɗaya, dunƙulen jiƙaƙƙiyar tsamiya a hannunta ruwan na bin gwiwar hannun yana ɗiga a zane. Labulen ɗakin Basira ya ɗaga. Alhaji ya miƙe bai san ya miƙe ba.

Najaha ta dubi hannun, ta dubi fuskar. Abin da ke hannunta take faɗa, ko kuwa?

"Me za a yi da tsamiya kuma ana wannan magana?" in ji Gwaggo. "Habsatu, kanki ɗaya?"

Inna ba ta ko kalle ta ba. Idonta na cikin idon Najaha.

"Ba wannan nake nufi ba. 'Yata nake kira."

Tun tana ƙarama a Dungu Najaha ke gwada yadda za ta amsa in ranar nan ta zo. Ta gwada a bakin rijiya, ta gwada a gadon makaranta. Ta buɗe baki za ta ce na'am.

Sai ƙamshin turare ya cika zauren. Wata dattijuwa mai farin gilashi, babbar gwaggon ango, ta ratso ta gefen Najaha ko sallamar kirki ba ta ƙarasa ba. Matan da ke bayanta suka tsaya cirko-cirko da akwatuna a ka. Idonta ya wuce kowa ya sauka a ƙofar ɗaki, inda Basira ke tsaye babu mayafi, sawun yatsu a fili.

Dattijuwar ta cire gilashin.

"Ashe abin da muka ji a tasha gaskiya ne. To wace ce a cikinku ta ƙona mana amarya?"

Gwaggo Baiwa ta gyara zama, ta ɗaga yatsa, ta buɗe baki.

Murya biyu suka riga ta, ɗaya daga bakin murhu, ɗaya daga bakin zaure.

"Ni ce."